Bakwaini da lakwal

Yau ina so mu zauna mu yi shawara bisa wata magana da ta daɗe tana damuna. Ba maganar taki ba ce, ba ta bashin koperatif ba. Maganar bakwaini ce, wato yaron da aka haifa watanninshi ba su cika ba. In Allah ya raya shi ya kai shekarun shiga lakwal, a sa shi ko a bar shi gida? In an sa shi kuma, mi za a jira daga gare shi?

Ga abin da ya jawo maganar. Ina koya ma manya karatu da dare a garinmu. Cikin ɗalibaina akwai wani magidanci, ya girme ni, yana da yara biyu maza sa'annin juna, ɗaya na uwargida, ɗaya na amarya. Shekara biyar da suka wuce, ana cikin yankan hatsi, aka yi shelar ɗaukar sabbin ƴan lakwal. Ya kai ɗan uwargida aka rubuta. Ɗan amarya ya bar shi gida. Da aka tashi daga karatu na tsai da shi, na ce: «Yaya, ina ɗayan?»

Ya ce: «Malam, wancan ai bakwaini ne. Ranar da aka haife shi, cikin tafin hannuna biyu ya shige. Ko kuka bai iya ba. Bai yi tafiya ba sai da ya kusa shekara biyu. Kanshi ba zai ɗauki boko ba. Ka san Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kuɗin kaye da na riga ba su da yawa gare ni. Iri kaɗan ne, gonar da ta fi kyau nike kai shi.»

Daren nan ban samu abin ce mashi ba. Kuma kada ka yi saurin zaginshi. Mutumin nan ba mugu ba ne. Shi ya sayar da akuya biyu lokacin da yaron yake jinjiri. Lissafi ya yi, irin wanda talauci yake sa kowa ya yi. Lissafi kuwa da lissafi ake warware shi, ba da faɗa ba. Shi ya sa na shiga tambaya da karatu, kuma abin da na samo nike so in shimfiɗa maka.

Mu fara da sanin wane ne bakwaini. Likitoci ba da wata suke ƙidaya ciki ba, da sati. Cikakken ciki sati 40 ne. Duk yaron da ya zo kafin sati 37 su cika, ya zo da wuri. Mu mun haɗa su duka cikin suna guda, amma ba ɗaya suke ba. Akwai wanda sati huɗu kawai ya rage mashi. Akwai wanda ya bar wata uku bai yi ba. Ƙungiyar lafiya ta duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan yara miliyan 13 da dubu 400. Ke nan cikin haifuwa goma, wajen ɗaya. Fiye da takwas cikin gomansu tsakanin sati 32 da 37 suka zo, wato sun kusa. Ka ga ashe abin ba baƙo ba ne. Aji mai yara sittin da wuya a rasa bakwaini cikinshi, ko mushe ya sani ko bai sani ba.

A nan bari in gyara wata magana da tsofaffi suke yi, cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi. Maganar tsohuwa ce ƙwarai, har likitocin Girka na zamanin da sun faɗe ta. Amma ba gaskiya ba ce. Kowane sati da yaro ya ƙara cikin ciki, ƙarfi ne ya ƙara. Ɗan wata takwas ya fi ɗan wata bakwai samun sa'a.

Don mi satin ƙarshe suke da daraja haka? Domin a lokacin ne ƙwaƙwalwa take gaggawar girma. Ƙwaƙwalwar ɗan sati 35 nauyinta wajen kashi biyu cikin uku ne na ta yaron da ya cika. Sauran kashin sai ya ƙarasa shi a waje, cikin sanyi da haske da hayaniya, yana faman numfashi da neman abinci, aikin da a da uwa take yi mashi. Mutanen Galmi da Madawa sun san dashen albasa. In aka tumɓuke ta daga wurin reno ba ta yi ƙwari ba, tana yin yaushi. Wata ta mutu. Wata ta miƙe ta yi kai kamar sauran, in ta samu ruwa da hannun mai lura. Ranar dashe, ko gwanin lambu bai isa ya nuna maka wadda za ta fi kai ba.

To, yanzu labarin da ba shi da daɗi, domin ba zan ɓoye maka shi ba. A Ingila da Ailan, likitoci sun bi sawun yaran da aka haifa a shekarar 1995 kafin su kai sati 26. Waɗannan su ne ƙanana cikin ƙanana. Da suka kai shekara 11 aka gwada sama da 200 daga cikinsu. Aka tarar fiye da rabi suna bukatar taimako na musamman wajen karatu. Inda suka fi shan wuya shi ne lissafi. Bincike a wasu ƙasashe ya nuna abu mai kama da haka: bakwaini ya fi sauran yara yawan samun matsalar gani da ta ji, hankalinshi yana saurin tashi daga kan aiki, kuma in aka jera mashi umarni uku a lokaci guda, na farko yakan zube kafin ya kai ga na uku. Gwargwadon wurin da ya zo, gwargwadon nauyin abin. Ke nan tsoron yayan nan nawa ba daga iska ya ɗauko shi ba.

Amma ga wani labari. A ƙasar Amurka akwai jahar da ake kira Fulorida. Masu bincike na jami'ar Northwestern sun ɗauki takardun haifuwa na yara sama da miliyan ɗaya da dubu 300, waɗanda aka haifa can daga 1992 zuwa 2002. Suka haɗa su da takardun lakwal na yaran nan. A 2017 suka fitar da abin da suka gani. Cikin yaran da suka zo a sati 23 ko 24, wato ko wata shida ba su cika ba, wajen biyu cikin uku sun isa shiga ajin farko a kan lokaci. Kusan biyu cikin ɗari ma an lissafa su cikin masu baiwa ta musamman. Waɗanda suka wuce sati 28 kuwa, wato bakwaini na sosai da ɗan wata takwas, bambancin makinsu da na cikakkun yara kaɗan ne ƙwarai.

Sai dai mu yi hattara da wannan labari. Yaran da suka rayu har suka shiga lakwal ne aka ƙidaya. Kuma can akwai kwalbar reno da na'urar numfashi da wuta dare da rana. OMS ta ce a ƙasashe matalauta rabin yaran da suka zo a sati 32 ko ƙasa da haka mutuwa suke yi, alhali a ƙasashe masu arziki kusan dukansu suna rayuwa. Ƙauyenmu ba Fulorida ba ne. Amma abin da labarin ya nuna yana nan daram: zuwa da wuri shi kaɗai bai rufe ma yaro ƙofar karatu ba.

Yanzu ka riƙe labaran nan biyu, ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. Wane ne gaskiya? Duka biyun. In ka tara bakwaini ɗari da cikakkun yara ɗari ka haɗa makinsu, garken bakwaini zai zo baya, da kaɗan ko da yawa. Amma kai ba garke kake reno ba. Yaro guda ne gare ka. Lissafin garke bai san sunanshi ba. Kowa ya san maza sun fi mata tsawo, kuma kowa ya san macen da ta fi mijinta tsawo. Wanda ya ce «bakwaini ne, ba zai iya ba», ya ɗauki abin da yake yiwuwa ya mai da shi abin da ya tabbata. Wannan kuskure ne cikin lissafi, tun kafin a zo ga maganar tausayi.

Wasu in suna son ƙarfafa ma iyaye zuciya sukan kawo sunan Ishaku Niwton, babban masanin lissafi na Ingila, wanda aka haifa bakwaini a 1642, ƙanƙane har aka fid da rai gare shi. Labarin gaskiya ne, kuma yana da daɗi. Amma ni ba na son dogara gare shi. In sai yaro zai zama Niwton za a sa shi lakwal, to mu rufe lakwal duka mu koma gida.

Mu koma ga Larabar nan da yayana ya ambata. Karin maganar ba ta yi ƙarya ba. Mu ne muka ɗauka Larabar yaro ita ce ranar haifuwarshi kawai. Alhali Larabarshi doguwa ce, shekara shida ce ko bakwai, kuma da yawa daga cikinta a hannunmu take.

Dubi abin da ya faru a Bogota, babban birnin Kolambiya. A 1978 wata babbar matarnite ta cika da bakwaini. Kwalaben reno ba su isa ba, ana sa jarirai biyu ko uku cikin guda, suna ɗaukar cutar juna. Wani likita mai suna Edgar Rey ya ce a gwada wata dabara. A tuɓe jariri, a bar mashi ɗan ƙyalle da hula, a kwantar da shi tsaye a ƙirjin uwarshi, fata na taɓa fata, a ɗaure da zane. Ya kwana nan, ya wuni nan, yana shan nono. Suka sa ma dabarar sunan kangaru, wata dabbar Ostiraliya da take renon ɗanta cikin aljihun cikinta. Goyo ne, irin wanda matanmu suka sani tun kaka da kakanni, sai dai a gaba ake yin shi, kuma ba riga tsakani. In uwa ta gaji, uba ko kaka su karɓa. I, uba ma. Ƙirjin namiji shi ma yana da ɗumi.

Daga baya wata likita, Natali Sharpak, da abokan aikinta suka gwada dabarar bisa jarirai sama da 700 tsakanin 1993 da 1996. Bayan shekara ashirin suka koma neman su, suka samu da yawa. Waɗanda aka yi ma goyon ƙirji sun fi sauran ƙarancin fashin lakwal, sun fi su natsuwa, ba su kai su yawan faɗa ba. A 2021 wani gwaji da aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya ya nuna cewa fara goyon nan da nan bayan haifuwa yana rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. A 2022 OMS ta ba da shawarar a riƙa yin haka. Zane guda ne da ƙirji. Amma kada ka ce ya wadatar da likita. Bakwaini a kai shi likita tun ranar farko, a ƙirjin uwarshi, a lulluɓe. Kada a yi gaggawar yi mashi wanka, domin sanyi yana kashe shi ko cikin bazara. A ba shi nonon farko, dakashi, kada a zubar. In bai iya tsotso ba, a tatsa a ba shi da ɗan ƙaramin kofi mai tsabta. Akwai asibitin uwa da yaro a Maraɗi da Damagaram da Tawa, a Yamai kuma akwai matarnite ta Isaka Gazobi. Ka tambayi ma'aikatan likitar garinku, su san inda za su tura ku.

Larabar ba ta ƙare a goyo ba. A kudancin Jamus an bi wasu bakwaini da aka haifa a 1985 da 1986. Da suka kai shekara shida aka duba yadda iyaye suke zama da su. Waɗanda iyayensu suke sauraronsu, suna jiran amsarsu, suna nuna masu abu ba da tsawa ba, su ne suka fi yin abin kirki a lakwal da suka kai shekara 13. Wannan ba ya son kuɗi. Tatsuniyar dare ce. Ƙidayar awaki ce lokacin da suke shiga gida. Ka ba shi ƙwayar gujiya goma ya raba ma ƙannenshi biyu. Kuma in kana auna girmanshi da na sa'anninshi, ka cire mashi watannin da ya bari. Likitoci haka suke yi har ya kai shekara biyu. Bakwaini ɗan wata takwas, a gaskiya ɗan wata shida ne. In bai zauna ba tukuna, ba latti ya yi ba. Bashin wata biyu ne ake bin ka, na haƙuri.

To sai maganar iri da gona, wadda ita ce ƙashin bayan hujjar yayana. Na yi ta juya ta cikin raina. Gona in ba ta ba da amfani ba, kana iya barinta saura, ba ka zalunce ta ba. Ba ta san an bar ta ba. Yaro ya sani. Kullum da safe yana tsaye bakin zaure yana kallon ɗan uwanshi ya rataya jaka. Ba wanda ya ce mashi komi, amma ya karanta hukuncin da aka yanke mashi tun bai san baƙi ko ɗaya ba. Bayan shekara goma, in ya tashi bai iya karatu ba, sai uban ya ce: «Ai na faɗa maku.» Wane ne ya cika maganar, cikin wata bakwai ko uban da ya hana? Mutum ya toshe rijiya da hannunshi, sa'an nan ya kira mutane su shaida ba ruwa.

Har ma in muka bi lissafin uban, ina ganin ya juya shi baibai. A ce gaskiya ne yaron ba shi da ƙarfin jiki, ƙirjinshi yana damunshi duk lokacin hunturu. Wa ya fi bukatar alƙalami, shi ko ƙaƙƙarfan ɗan uwanshi? Mai ƙarfi yana da hauya, yana da ci-rani, yana da dako. Marar ƙarfi in ka hana shi karatu, da mi ka bar shi?

Amma kada in yi maka wayo. Akwai tambaya mai wuya da ta rage. In aka sa shi, aka yi haƙuri, aka yi duk abin da ya kamata, kuma ya zamana da gaske baya yake zuwa, fa? Irin wannan yana faruwa. Akwai ma waɗanda zuwa da wuri ya bar masu shanyewar gaɓa, ko makanta, ko kurumta, waɗanda lakwal ɗin ƙauye ba ta da kayan karɓarsu yadda ya dace. Ba zan ce maka duk bakwaini zai ci jarrabawa ba. Abin da zan tambaye ka shi ne: don mi muke kai yara lakwal? In don ya zo na ɗaya ne, to cikin sittin mutum guda ne ya ci riba, hamsin da tara asara. Ba mai hankalin da zai yarda da wannan. Yaron da ya fito yana iya karanta takardar magani, yana gane lambar sikeli a kasuwa, yana rubuta sunanshi maimakon dangwala yatsa, ya samu abin da ba mai ƙwace mashi, ko da shi ne na hamsin a aji. Muna shuka gero, muna shuka maiwa. Ba mu taɓa tumɓuke maiwa don gero ya riga ta fitar da kai ba.

Akwai wata hanyar hana yaro wadda ba ta yi kama da hani ba. Ita ce ta uwa. Ta sha wuya a kanshi, ta kwana arba'in ba barci, sau uku tana cewa ya tafi. Yanzu ba ta son ko ƙuda ya sauka gare shi. Kada ya yi nisa, kada a buge shi, kada rana ta taɓa shi. Amaryar yayana, da aka ce za a bar ɗanta gida, ta yi kuka don an fifita ɗan kishiya. Amma ta faɗa ma matata cewa can cikin ranta ta ji sanyi, domin zai zauna kusa da ita. Wa zai zarge ta? Sai dai yaron da aka hana don raini da wanda aka hana don so, duka biyun a zaure guda suke tsaye da safe.

In an kai shi, a faɗa ma mushe cewa bakwaini ne, ko a yi shiru? Na daɗe ina jin tsoron faɗa, domin suna yana da nauyi. In mushe ya sa ma ranshi cewa wannan ba zai iya ba, sai ya tura shi bencin baya ya manta da shi. In ƴan aji suka ji, sunan ya bi shi har ya yi gemu. Amma shirun ma yana da tsada. Matsalar bakwaini a aji mai shiru ce. Ba shi ne mai tada rigima ba. Yana zaune lafiya lau, ido bisa allo, hankali ya tafi. Ko kuma allon ne ba ya gani sosai, ko muryar ce ba ta kai mashi, ga shi kuma da Faransanci ake magana, harshen da bai taɓa ji ba a gida. Mushen da bai sani ba sai ya ce rago ne ko daƙiƙi, ya ɗauko bulala. Ni dai ra'ayina a faɗa, amma uba ya je da kanshi, su biyu, ba gaban yara ba. Kuma ya faɗe shi tare da roƙo: a zaunar da shi gaba, a ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, a bar shi ya ƙidaya da tsakuwa ko karan dawa in lissafi ya cije. Kafin nan a kai shi a duba idonshi da kunnenshi. Yaro nawa aka kira daƙiƙi alhali madubin ido kawai yake so?

Kafin in kai ka ƙarshen labarin, akwai wadda ake ɗora ma laifi a banza. In yaro ya zo da wuri, sai a dubi uwa. In ɗan fari ne, har a shiga ƙidayar watanni tun daga ranar ɗaurin aure, ana raɗa. Alhali malaman shari'a sun daɗe da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne. Sau da yawa ba a gane dalilin zuwa da wuri. Amma an san wasu abubuwan da suke jawo shi: zazzaɓin sauro ga mai ciki, hawan jini, ciwon sanyi da ba a yi magani ba, tagwaye, haifuwa kusa da kusa, da ciki ga yarinyar da jikinta bai gama girma ba. Dubi jerin nan da kyau. Wa yake ba da izinin zuwa awon ciki, inda ake ba da maganin kariya daga zazzaɓi? Wa yake kwana cikin gidan sauron da aka ba mai ciki? Wa yake karɓar sadakin yarinya ƴar shekara goma sha huɗu? Mukan ce ƙaddara ce, kuma lalle komi da ikon Allah yake. Amma damina ma da ikon Allah take, kuma ban taɓa ganin manomin da ya bar noman fari saboda haka ba.

Bayan sati uku na koma wurin yayana da duk wannan. Ya saurara, yana gyaɗa kai, amma na ga Fulorida da Bogota ba su shige shi ba. Sai na ce: «Yaya, shekarunka nawa ka fara riƙe alli?» Ya ce arba'in da wani abu. Na ce: «Daren farko da ka zo, wata nawa ka yi kana juya b da d? Da na ce wannan Larabarshi ba ta yi kyau ba, na sallame ka, wa zai karanta maka takardar koperatif yau?» Kai ma mai karatu, da kake bin layin nan da yatsa, wataƙila an taɓa cewa lokacinka ya wuce. Ya yi shiru. Sa'an nan ya ce: «Malam, ka kama ni ta baya.»

An rubuta yaron a makare, bayan an roƙi direktan lakwal. Ya maimaita aji na biyu. Da aka kai shi birni aka tarar idonshi na hagu ba ya gani sosai, aka yi mashi madubi, ya fasa shi cikin wata biyu wajen ƙwallo, aka ɗaure da zare. Yanzu ɗan uwanshi yana aji guda gaba da shi. Karatu yana yi ba laifi, har shi yake duba ma uban saƙon da yake shigowa cikin salula in da Faransanci ne. Lissafin rabawa kuwa har yau yaƙi ne. Uban bai daina gunaguni a kan kuɗin kaye ba, kuma da na tambaye shi ko yaron zai kai kwaleji, ya ce shi bai yi alkawari ba, sai abin da rumbu ya ce.

Shekaranjiya da magariba na bi ta ƙofar gidansu. Na tarar da su biyu bisa tabarma, an zube tsakuwa ashirin da huɗu, ana so a raba ma mutum shida. Yaron ya ce uku uku. Uban ya ce biyar biyar. Suka kira ni in raba gardama, na ce ina sauri zuwa masallaci, su sake ƙidayawa.